Faɗuwa Ba Mutuwa Ba Ce: Dokokin Wasan Zaurenmu A Kontagora

Gaisuwa ta musamman ga jama'armu na Sabo a Ibadan, da na Agege da Shagamu, da na Ama Hausa a Owerri, da duk wani lungu da neman halali ya kai Bahaushe ya yada zango. Yau maganar wasa na zo da ita, kuma na san wani zai ce, haba Malam, duk abubuwan da ke damunmu a rasa na tattaunawa sai wasa? A yi haƙuri a bi ni a sannu, domin tambayar da ke cikin wannan wasa kowane matafiyi ya san ta: idan ɗaya daga cikin ayari ya faɗi a hanya, yaya za a yi da shi?

Mai karatu ya lura da wani abu. Kusan duk wasannin da muka taso da su akwai kisa a cikinsu. Ɗan dambe yana kashe abokin karawarsa. A langa wanda aka ture har ya saki ƙafa ya mutu. A ludo ana kashe ɗa a mayar da shi gida, a dara kuwa cinye shi ake yi a fitar da shi daga gurbi. Sai dai kowace majalisa da irin hukuncinta. A ludon da ake yi a nan ƙasar, ɗan da ya yi kisa shi ma ya gama aikinsa, fitar da shi ake yi a lissafa shi cikin waɗanda suka tsira, alhali a ludon Turawa ci gaba yake yi da zagaye. A wasan kati na Whot kowa ya yarda lamba 14 tana tura jama'a kasuwa, amma je ka wata unguwa ka jefa lamba 5 ka ce a ɗebi uku, ka ga gardama. Irin wannan ita ake kira dokar gida, wato dokar da ba ta cikin takardar da ta zo da wasa, 'yan wasan ne suka zauna suka amince da ita a tsakaninsu. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Wane irin wasa ne wannan?

Wasan da nake magana a kansa ya fito ne daga Amurka. A shekarar 1974 wasu mutum biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons, kuma daga gare shi ɗaruruwan ire-irensa suka tsiro. Yadda yake shi ne, mutum huɗu ko biyar za su zauna, kowa ya ƙirƙiri jaruminsa a takarda: sunansa, sana'arsa, ƙarfinsa, wayonsa, da kayan da yake ɗauke da su. Mutum ɗaya kuma shi ne mai jan labari. Zai ce, kun iso bakin rafi da almuru, ga sawun dawaki sabo a kan yashi, me za ku yi? Kowa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, in abin mai haɗari ne a jefa ƙuri'a a ga ko ya dace. Kamar tatsuniya ce da ake yin ta tare, wadda ko mai ba da ita bai san inda za ta ƙare ba. Labari ɗaya yakan ɗauki watanni ana ci gaba da shi daga inda aka tsaya.

Ɗana ne ya kawo shi gidanmu daga makaranta a Zariya, bayan ya sauko da dokokinsa daga intanet, domin kamfanin da ke da wasan ya saki taƙaitattun dokoki kyauta a 2014. Na karanta, na ga akwai abin ɗauka, akwai na zubarwa. Dodanni da matsafa da gumakan da ke ciki muka ajiye su gefe. Muka ɗora labarinmu a kan fataken goro na ƙarni na 19, waɗanda ke tasowa daga Kano, su ratsa wannan yanki namu, su haye Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, su bi ta Nikki har su dangana da Salaga a ƙasar Gwanja. Tafiya ce da kan ci rabin shekara ko fiye kafin a dawo gida, kuma zangunan Hausawa da dama a Benin da Togo da Gana a kan wannan hanya suka kafu. Ayari yana da madugu, da jagaba mai gaba, da uban dawaki. Saboda haka mai jan labari a zaurenmu sunansa madugu, kuma ni aka ɗora wa wannan rawani.

Wani abu kuma, Turawa da dayis suke jefa ƙuri'arsu, har da wani mai fuska ashirin wanda ko ka karaɗe kasuwar Kontagora ba za ka same shi ba. Ban da haka, akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya yi gargaɗi a kan wasan nardi, kuma malamai da yawa sun shigar da dayis a ciki. Don mu fita daga shubuha sai muka tara murafen kwalbar lemo guda ashirin, muka rubuta 1 zuwa 20 a cikinsu, muka zuba a wata tsohuwar hula. Mai ƙuri'a ya kau da kai ya zaro ɗaya. Ba a sa ko kwabo a wasan, kuma da an kira salla an naɗe tabarma.

Yadda masu wasan suka yi ta fama da maganar mutuwa

Kowane jarumi yana da wasu maki da ke nuna yawan dukan da zai iya sha. Yaranmu da suka saba da gidajen gem suna kiran wannan maki jini, mu ma haka muke kiransa. A dokar farko ta 1974, da jininka ya kai sifiri ka mutu, babu ɗaukaka ƙara. Jarumin da aka fara da shi yau yana iya tafiya da sara ɗaya. Akwai ma wani wasa mai suna Traveller da ya fito a 1977, wanda a cikinsa jaruminka yana iya mutuwa tun kana tsara tarihin rayuwarsa, kafin a fara labarin.

Tun a lokacin jama'a suka fara gyare-gyare. RuneQuest na 1978 ya raba jini gaɓa-gaɓa, hannu da nasa, ƙafa da nata, kai da nasa, ta yadda mutum zai iya rasa hannu ya rayu. A littafin da Gygax ya fitar a 1979 don masu jan labari, wanda jininsa ya ƙare suma yake yi, yana ta zubar da maki ɗaya-ɗaya, in ya kai goma ƙasa da sifiri ba a ɗaure masa rauni ba sannan ya cika, in kuma an cece shi sai ya yi jinyar aƙalla mako guda. Warhammer Fantasy Roleplay na ƙasar Ingila, a 1986, ya ba kowane jarumi wasu 'yan makin rabo, duk ranar da ajali ya zo sai ya ba da ɗaya ya tsira, in sun ƙare shi ke nan.

Dokar 2014, wadda ita ce ta zo hannunmu, ta fi duka sassauci. Wanda ya faɗi zai riƙa jefa ƙuri'a duk zagaye. Daga 10 zuwa sama ya dace, ƙasa da haka ya faɗi. In ya dace sau uku ya tsira, in ya faɗi sau uku ya mutu. Lamba 1 faɗuwa biyu ce, lamba 20 kuwa nan take yake farfaɗowa. Idan aka yi lissafi, ko ba wanda ya taimake shi, kusan kashi 60 cikin ɗari zai rayu. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, da ya yi hutun awa takwas jininsa duka ya dawo. Mutumin da aka soke da mashi da la'asar, da asuba ya tashi garau yana neman koko da ƙosai. Gyaran da aka yi wa wasan a 2024 bai taɓa wannan tsari na ƙuri'a uku ba.

Mai karatu zai ga cewa shekara hamsin ana jan igiya ɗaya. In mutuwa ta yi sauƙi, ba wanda zai damu da jaruminsa, domin ba ka sa rai ga abin da ka san ba zai kwana ba. In kuma mutuwa ta gagara, jarumta ta zama wasan yara, kowa ya faɗa wa rundunar mutum ɗari shi kaɗai, ya san gobe zai tashi.

Gardamar zaure

Wannan igiya mu ma mun ja ta. Mu bakwai ne: ni, da 'ya'yana biyu, da 'ya'yan maƙwabta uku, da wani dattijo maƙwabcinmu tsohon direban babbar mota, wanda ya yi shekaru yana bin hanyar Legas da lodin hatsi. Da farko kallo yake zuwa yi, daga baya ya ce a rubuta masa nasa jarumin, wani mai jakuna.

Yara suka ce a cire mutuwa gaba ɗaya. Ƙaraminsu ya ce, "Baba, wata uku ina kiwon maharbin nan, na saya masa baka, na koya masa yaren Bargu, sai murfin kwalba ɗaya ya kashe mini shi? In haka ne gara in koma ƙwallo." Maganarsa kuwa tana kan hanya.

Alhaji ya gyara zama ya ce, "Yaro, hanyar da ba a mutuwa a kanta ai tsakar gida ce. Ni duk ranar da na tayar da mota sai na yi sallama da iyali kamar ba zan dawo ba, shi ya sa nake duba birki kafin in duba kuɗin lodi. In kuka cire tsoro, me zai sa ku yi shawara kafin ku shiga daji?" Shi ma maganarsa tana kan hanya.

Da na auna zancen biyu sai na ga dukkansu ƙofa biyu kawai suke gani, ko a mutu ko a tashi garau. Wasanninmu na gado kuwa sun daɗe da sanin ƙofa ta uku. A dambe turmi uku ake yi, kuma da hannu ko gwiwar mutum ta taɓa ƙasa an yi kisa, an tashi wasa. Wanda aka kashe yakan tashi ya karkaɗe jikinsa, amma da kumburarren ido zai koma gida, makaɗa sun gani, 'yan kallo sun gani, kuma sai ya yi jinya kafin ya sake ɗaura zare. A langa wanda ya mutu yana komawa gefe ya zura ido, ragowar 'yan ɓangarensa su ci gaba da kare ruwa da ƙarancin mutane, wato faɗuwarsa ta zama nauyi a kan 'yan uwansa. Ko tarihin garin nan da muke zaune haka ya nuna. Sarkin Sudan Ibrahim, ɗan Umaru Nagwamatse wanda ya kafa Kontagora, Turawa sun ci garinsa a 1901, sun kama shi a 1902, sun mayar da shi kan gadonsa a 1903 da ƙasar da ba ta kai ta da ba, ya ci gaba da sarauta har 1929. Yawancin faɗuwar da ake yi a duniya irin wannan ce, mutum ya tashi, amma ba yadda yake a da ba.

Dokoki shida

A kan haka muka zauna wata Lahadi bayan la'asar muka rubuta dokokinmu a bangon littafin wasa, kowa ya sa hannu. Ga su nan yadda suke.

Ta farko, faɗuwa ba mutuwa ba ce. Wanda jininsa ya ƙare an kashe shi irin kisan dambe. Ya fita daga wannan faɗan, ba ya sara, ba ya gudu, amma yana numfashi. 'Yan uwansa suna da zagaye uku su iso gare shi su janye shi, kuma wanda ya je ceto ya bar faɗa a wannan zagayen.

Ta biyu, ba a tashi sai da tabo. Bayan ƙura ta lafa, wanda ya faɗi zai zaro murfi daga hula. Daga 18 zuwa 20 suma ce kawai, gobe ya miƙe. Daga 11 zuwa 17 sara ne ko harbi, jinyar mako guda. Daga 4 zuwa 10 karaya ce, sai an nemo maɗori, kuma kwana arba'in ba ya ɗaukar kaya ba ya faɗa. Daga 1 zuwa 3 rauni ne na har abada: ido ɗaya, ko yatsu, ko ɗingishi. Mai jarumin shi ke zaɓar wanne, a rubuta a takardarsa, a rage masa maki a abin da raunin ya shafa.

Ta uku, jinya tana da tsada. Hutun dare ba ya ɗinke rauni. Kibiya mai dafin kwankwani sai an sami wanzami ko mai magani kafin rana ta faɗi. Majinyaci yana buƙatar jaki, jakin da ya hau kuwa kayan da ke kansa sai a sauke, ko a raba wa mutane su ɗauka a ka, ko a sayar da araha. In aka tsaya jinya a zango, kowane kwana akwai kuɗin abinci da na masauki, ga goro ba ya son jira, sai ana buɗe shi ana tsince ruɓaɓɓe ana sake ganye.

Ta huɗu, ƙofofin mutuwa uku ne, kuma duk a bayyane suke. Ko dai 'yan uwa su bar mutum kwance har zagaye uku su wuce. Ko ya faɗi karo na uku a tafiya ɗaya, wato turminsa uku sun cika. Ko kuma madugu ya faɗa masa ƙarara cewa abin nan da kake shirin yi akwai mutuwa a cikinsa, shi kuma ya ce ya ji ya gani. Ban da waɗannan, murfin kwalba shi kaɗai ba ya kashe kowa.

Ta biyar, mamaci yana da magaji. Wanda jaruminsa ya rasu zai shigo da ƙanensa ko ɗansa ko baransa, ya gaji abu ɗaya daga kayansa, ya gaji bashinsa duka, kuma ayari su kai wa iyalinsa rabonsa na riba. Ba wanda ake kora daga tabarma don jaruminsa ya mutu.

Ta shida, tun ran gini tun ran zane. Ba a sauya doka ana tsakiyar faɗa. Mai son gyara ya bari sai an tashi, a tattauna, gyaran ya fara aiki a zama na gaba. A gaban kowa ake zaro murfi, har da na madugu, don kada a ce na tausaya wa ɗana na ƙi ɗan maƙwabci. Duk baƙon da ya zo kuma sai an karanta masa dokokin nan kafin a ba shi takarda.

Abin da dokokin suka haifar

Amfanin doka sai an gwada ta. A wata na biyu da fara aiki da su, ayarinmu yana dawowa daga Gwanja da goro, saura kwana biyu ya iso mashigin Kwara, 'yan fashi suka tare shi. Maharbin yaron nan ya faɗi, yayansa ya bar faɗa ya janye shi, ya zaro murfi ya sami 6. Karaya ke nan a cinya. Damina ta kusa, in ruwa ya cika sai masu fito su ninka kuɗi, ga jakuna duk da lodi.

A dokar Turawa da an kwana an tashi an wuce. A tamu kuwa sai da aka yi kusan awa guda ba a zaro murfi ko ɗaya ba, ana shawara. Wani ya ce a bar shi a ƙauyen da ke kusa da kuɗin jinya, a ɗauke shi baɗi. Wani ya ce ƙauyen da ba mu san kowa ba, wa ya san abin da zai same shi? Wani ya kawo lissafin asarar da za a yi in aka sauke kayan jaki ɗaya, ya ce a cire daga rabon mai karayar. Nan yayansa ya harzuƙa ya ce ai garin kare kayan kowa ya karye. Alhaji yana ji bai ce uffan ba, sai can ya ce, "Ku sauke na jakina. Amma ku rubuta, asarar ta ayari ce, a raba ta daidai." Aka rubuta.

Ni da nake madugu ban shirya wannan darasi ba, dokar ce ta haife shi. Da mutuwa ce ta zo farat ɗaya, da an yi jimami na minti biyu an ba yaro sabuwar takarda. Da kuma ya warke da safe, da ba wanda zai tuna an yi faɗan. Raunin da ya zauna shi ya tilasta wa yara su tambayi kansu nawa ɗan uwa yake a kan ma'aunin goro. Maharbin ya warke, daga baya ya sake faɗuwa ya zaro 2, yaron ya zaɓi ɗingishi. Yanzu ba ya iya bin sawu da gudu, sai ya koma tafinta da ciniki, kuma duk zauren ba jarumin da ake ji da shi kamarsa. An yi mutuwa ɗaya tak tun da muka fara: jagabanmu ya tsaya shi kaɗai a bakin wani kwazazzabo don ayari ya wuce, na gaya masa akwai mutuwa, ya ce ya ji ya gani. Ba wanda ya yi gardama da murfin da ya fito, domin shi ya zaɓa da bakinsa.

Abin da ba ya shiga labarinmu

Akwai wata doka da ba mu ba ta lamba ba, amma ta fi sauran nauyi. 'Yan uwa na kudu suna jin labarin yankinmu a rediyo, mu kuwa a cikinsa muke kwana. A 2021 aka kwashe ɗalibai a Kagara, a shekarar kuma aka kwashe yaran Islamiyya sama da ɗari a Tegina, garin da duk mai zuwa Minna ko Kaduna daga nan ya san shi. Mutanen ƙauyuka da dama na wajen Mariga sun baro gonakinsu sun shigo gari. Ɗaya daga cikin yaran da ke zama a tabarmarmu haka iyayensa suka zo, kuma ya ga abin da ni da furfurata ban gani ba.

Saboda haka a labarinmu ba a satar mutane, ba a ƙona gari, ba a siffanta jini da rauni filla-filla. Madugu yakan ce an sare shi a kafaɗa ya faɗi, ya tsaya nan. Kowa kuma yana da ikon ya ce a wuce wannan, sai a wuce, ba a tambayarsa dalili. Na san tarihin hanyar Gwanja da na ƙasar nan cike yake da hare-haren kama bayi, kuma ba na ɓoye wa yara wannan in muna hirar tarihi. Amma hirar tarihi daban, abin da za ka sa yaro ya shiga cikinsa da sunan wasa daban. Na kuma lura, duk lokacin da wani ya faɗi, yaron nan shi ne farkon mai cewa ya bar faɗa ya tafi ceto. Jaruminsa wanzami ne, shi ya zaɓi hakan, kuma har yau ba a taɓa barin kowa kwance ba in yana wurin.

Dokar gida ta gida ce

Mahaifina daga ƙasar Katsina ya zo Kontagora sayen hatsi, ya ga wuri ya zauna. A nan aka haife ni, a nan na haifi nawa, amma har gobe in zancen asali ya taso akan tuna mana daga inda muka fito, kuma na san ku da ke Ibadan da Owerri kun fi ni sanin wannan. Abin da zaman baƙunci ya koya mana shi ne, in ka shiga gari ka fara tambayar dokarsa kafin ka kwance kaya, in kuma kun taru ku 'yan gari ɗaya, ku yanke tun ana lafiya yadda za ku yi in wani ya kwanta ciwo, ko shagonsa ya ƙone, ko aka rasu aka bar marayu. Ƙungiyoyinmu nawa ne suka watse saboda sai da abu ya faru sannan aka zauna neman doka, kowa yana kallon fuskar wanda abin ya shafa kafin ya yi magana? Yaran da suka saba yanke hukunci kafin a zaro murfi, ina sa ran in sun girma aka ba su littafin asusun ƙungiya ba za su ruɗe ba.

Dokokin nan shida na zaurenmu ne, ban ce lallai su dace da naku ba. In 'yan wasanku manya ne masu son tsanani, ku mayar da turmi biyu maimakon uku. In ƙanana ne sosai, ku cire raunin har abada ku bar karaya. In labarinku na direbobin tirela ne a hanyar Legas, ko na 'yan koli a Kurmi, ku sa asibiti da kuɗin magani a madadin maɗori da jaki. Abin da nake ba da shawara a riƙe guda uku ne: a yanke doka kafin a fara, rauni ya bar alama kuma ya ci wa ayari wani abu, mutuwa kuma ta zo ta ƙofar da kowa ya gani. Kayan aiki ba su wuce murafe ashirin, da hula, da littafin rubutu, da tabarma ba.

Wanda ya gwada a unguwarsu, in Allah Ya haɗa mu a wani biki ko a gida lokacin salla, ina son jin yadda dokarsu ta kasance. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu, Ya kai kowane matafiyi gida da kayansa da mutanensa.